Silsilar Moustapha Alassane: daga inuwar fitila zuwa kwaɗin Tawa

Al'adar malamanmu ce, idan za a auna mutum, a fara tambayar wurin wa ya ɗauki karatu. Da wannan ma'auni kuwa marubutan Turai suka saba auna Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗan Nijar, wanda aka haifa a N'Dougou a 1942, ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015, har suka rataya silsilarsa ga mai shirya fim Jean Rouch, da suka haɗu a cibiyar IFAN ta Yamai, da kuma Norman McLaren na Kanada, inda ya ƙaro sanin motsa zane. Ba mu musanta wannan isnadi ba, sai dai a ganinmu bai cika ba, domin tun yana yaro, bai san Rouch ba balle McLaren, yakan tara tsaransa da dare ya nuna musu wasan inuwa da hasken fitila. Ashe shehinsa na fari tatsuniya ce.

Hujjarmu tana cikin fim ɗinsa Bon Voyage Sim na 1966, wanda aka yi shekara shida bayan samun mulkin kai, a zamanin jam'iyya guda, lokacin da mai magana kan duba bayansa kafin ya buɗe baki: shugaban jamhuriyar kwaɗi ne ya tafi ziyarar aiki, da faretin soja da dukan alfarmar sarauta, alhali kowa ya san wa ake nufi, babu kuma wanda zai iya kai ƙarar kwaɗo gaban alƙali. Wannan habaici ne irin na Gizo. A shekarar nan dai ya fitar da Le Retour d'un aventurier, inda samarin ƙauye suka sa tufafin kaboyin Amurka suka tayar da fitina.

Abin da ya fi cancantar bahasi shi ne zamansa a Tawa. Bayan shekarun da ya yi yana shugabantar sashen silima na Jami'ar Yamai, sai ya zaɓi Tawa ta ƙasar Adar, wadda samarinta suka shahara da tafiya bida Abijan, ya buɗe masauƙin baƙi, ya mai da wasu ɗakunansa wurin aiki, yana haɗa ƴantsana da hannunsa, kasancewar asalin sana'arsa kanikanci ne. Wasu na iya kiran wannan ja da baya; mu dai muna ganin komawa ce kusa da masu kallon da ya san abin da ke ba su dariya. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma Ba'adaren da ya kalli fim ɗinsa Kokoa ba ya bukatar tafinta kafin ya gane filin da ƴan kallonsa, ko da yake ƴan kokowar kwaɗi ne da hawainiya, alƙalin wasa kuwa ƙaguwa.