Duwatsun Wuyan Iyayenmu: Gadon da Muke Sayarwa da Araha

Duk wanda ya tashi a garinmu zai tuna adudun kakarsa, inda ake adana duwatsun wuya na gilashi sai ranar biki ko salla. Kaɗan daga cikinmu ne suka san irin nisan tafiyar da suka yi kafin su iso ɗakunan iyayenmu.

Da yawansu a tsibirin Murano na birnin Fenis, ƙasar Italiya, aka ƙera su, inda aka tattara maƙeran gilashi tun 1291. Wasu kuma daga Bohemiya suka fito. Fatake ne suka riƙa ɗauko su daga Tarabulus, su keto Sahara ta Gadamas da Agadas har Kasuwar Kurmi. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya lissafa duwatsun ado cikin hajar da ke shigowa Kano a 1851. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai hanya ta koma ta Ikko. A nan gida ma, Masaga na Bida sun daɗe suna narka gilashi suna yin nasu.

To, yaya za mu gane na asali? Gilashi yana da nauyi da sanyi a tafin hannu, roba kuwa ba ta da su. Tsohon dutse za a ga bakin hudarsa ya side saboda gogar zare, kuma aikin hannu ba ya fitowa bai ɗaya. Shi kuwa mai zanen tauraro, shuɗi da fari da ja, sai a ƙirga hawansa ta gefen huda: mai hawa 7 da fiƙaƙƙen baki ya kai shekara 400 ko fiye, mai 4 ko 6 kuwa galibi na ƙarni na 19 ne zuwa na 20. Daraja tana bin tsufa, da ƙarancin irinsa, da rashin tsaga, da sanin hannun da ya fito.

Tun wajen 1970 'yan koli suke bi gida gida suna saye da araha, ana kai su Turai da Amurka. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa mazauna birane, idan kun zo gida ku tambayi tsofaffi asalin kowane ɗauri, ku rubuta, kada a tsinke shi wajen rabon gado. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.