Masallacin Annabi Ibrahim na Hebron: yadda aka raba ginin gida biyu

Masallacin Annabi Ibrahim yana cikin tsohon birnin Hebron, wanda Larabawa ke kira Al-Khalil, kimanin kilomita 30 kudu da birnin Ƙudus, a Yammacin Kogin Jordan. Musulmi da Yahudawa duk sun yarda cewa a kogon da ke ƙarƙashinsa aka binne Annabi Ibrahim da Is'haƙ da Yaƙub tare da matansu. Yahudawa na kiran wurin Kogon Makfela, da Faransanci kuma ana cewa "Tombeau des Patriarches". Katangar duwatsun da ta kewaye shi ta haura shekara 2000, tun zamanin Sarki Hirudus.

A ƙarni na 13 Sarkin Misira Baibars ya hana waɗanda ba Musulmi ba shiga. Kusan shekara 700 Yahudawa ba sa wuce mataki na bakwai na matakalar waje, nan suke tsayawa su yi addu'a. Yaƙin 1967 ya sauya wannan: sojojin Isra'ila suka mamaye birnin, Yahudawa suka fara ibada a ciki, hukumar waƙafi ta Musulmi ta ci gaba da kula da ginin.

Tsarin da ake bi yanzu ya samo asali ne daga ranar 25 ga Fabrairun 1994. Da asubahin wata Juma'a cikin watan azumi, Baruch Goldstein, wani likita ɗan kama-wuri-zauna daga Kiryat Arba, ya buɗe wuta kan masallata, ya kashe mutum 29, ya raunata sama da 100, kafin waɗanda suka tsira su hallaka shi. Aka rufe masallacin watanni. Da aka buɗe, an raba shi biyu, kowane ɓangare da ƙofarsa da shingen bincikensa. Abin da ya fi ci wa Falasɗinawa rai shi ne, su aka kashe, kuma su aka rage wa wurin salla. Titin Shuhada, wanda a da shi ne tsakiyar kasuwar birnin, shi ma daga baya aka hana su amfani da yawancinsa.

Babban zauren Is'haƙ, mai mihrabi da mumbarin da Salahuddin ya kawo, yana ɓangaren Musulmi. Alamun kaburburan Yaƙub da matarsa suna ɓangaren Yahudawa. Na Annabi Ibrahim kuwa yana tsakiya, kowa na leƙensa ta taga mai ƙarafa daga nasa gefen. Kwana 10 a shekara ake bar wa Musulmi ginin gaba ɗaya, ciki har da Juma'o'in azumi da ranakun idi, kwana 10 kuma ake bar wa Yahudawa, a rufe wa Musulmi ƙofa.

Kiran salla ma yana da nasa rikicin. Ɗakin da ladan ke kira yana ɓangaren Yahudawa, don haka sai soja ya ba shi hanya, kuma sau da yawa akan hana kiran a ranar Asabar da ranakun bukukuwansu. Su kuma Yahudawa masu ibada suna kukan cewa zauren Is'haƙ, inda bakin kogon yake, kwana 10 kacal suke samun shigarsa. Suna kuma tuna kisan Yahudawa 67 da aka yi a birnin a 1929.

Yarjejeniyar Hebron ta 1997 ta bar masallacin a yankin da ake kira H2, wanda tsaronsa ke hannun Isra'ila. A watan Yulin 2017 UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na Falasɗinu da ke fuskantar haɗari, matakin da Isra'ila ta yi watsi da shi. Duk lokacin da aka tayar da batun ba Yahudawa damar yin addu'a a harabar Masallacin Al-Aƙsa, Hebron ne misalin da Falasɗinawa ke kawowa: rabon wuri da rabon lokaci, da soja riƙe da makulli.