Daga Bell Labs zuwa Gusau: tarihin littattafan koyon Unix

1/ 'Yan uwa masu karatun kwamfuta, yau tarihi zan ba ku. Duk manhajar da ka rubuta, in za ta buɗe fayil ko ta tada wata manhaja, sai ta roƙi babbar manhajar na'ura ta wasu ƙofofi: open, read, write, fork. A ina ake koyon ƙofofin nan? Ku biyo ni. 🧵

2/ A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a Bell Labs, Amurka. A Nuwamban 1971 suka fitar da littafin jagora na farko. Sashe na 1 umarni ne, na 2 ƙofofin babbar manhaja, na 3 ayyukan laburare. Har yau lambobin nan ake amfani da su.

3/ Abin da ya fi burge ni, sun ware gurbi mai suna BUGS, inda mai abu ke faɗin aibin abinsa da kansa. Wane ɗan kasuwa ne zai maka haka?

4/ Sai John Lions, malamin jami'a a Ostireliya. Wajajen 1977 ya yi wa ɗalibansa sharhin Unix bugu na 6, layi bayan layi, kamar yadda malamin zaure ke warware littafi. Da bugu na 7 ya fito a 1979, lasisin AT&T ya hana koyar da lambobin a aji.

5/ Ɗalibai suka koma fotokwafi. Kwafin kwafin kwafi, har rubutu ya dusashe, ana miƙawa hannu da hannu. Sai 1996 aka buga littafin a fili. Kun ga rayuwar handawut ba mu muka fara ta ba. 😂

6/ Hanin nan ne ya sa Andrew Tanenbaum ya rubuta MINIX, ya fitar da ita a 1987 tare da littafinta. Ana cikin haka kamfanoni kowa ya ja Unix ɗinsa gefe, manhajar da ta yi aiki a nan ta ƙi yi a can. A 1988 aka fitar da ƙa'idar POSIX don a haɗa kai.

7/ A Yulin 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fito yana cigiyar takardun POSIX ɗin nan. Da littattafan jagorar Sun na jami'arsu ya lallaɓa. Daga nan Linux ta fito. Ɗalibi ne kamarmu, shi ma neman abin karantawa ya sha.

8/ A 1992 Richard Stevens ya fitar da littafinsa kan shirye-shiryen Unix. A 2010 Michael Kerrisk, wanda ya karɓi kula da shafukan man na Linux a 2004, ya fitar da nasa mai shafi kusan 1,500. MIT kuma ta sake gina bugu na 6 da sunan xv6 a 2006, kyauta.

9/ Me ya haɗa wannan da mu? Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Daga Karakkai zuwa Tsafe ba sabis, wasu yankunan sama da wata biyu. Wanda karatunsa duk a YouTube yake, ya tsaya cak.

10/ Amma shafukan man suna zaune cikin na'urarka, ba ruwansu da data. A Ubuntu ka tabbata manpages-dev na ciki tun kana da sabis. Ka buga man 2 open, ka karanta har gurbin ERRORS, don nan ake gane abin da ke karya manhaja.

11/ Shawarata: ƙanina ko ƙanwata da ke Jami'ar Tarayya ta Gusau, ka fara da shafin man, ka gwada da C, ka sa strace ka ga abin da manhajarka ke roƙa. Sauke littafin xv6 ka ajiye a filasha, ka tura wa na kusa da kai ta Xender. Allah Ya ba mu zaman lafiya da ilimi mai amfani.