TAƘAITACCEN TARIHIN YAƘI DA SANƘARAU A ƘASAR WURNO

Garin Wurno tsohon ribaɗi ne wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ciki, a nan kuma ya rasu a shekarar 1837. Kamar sauran tsofaffin garuruwanmu, gidajensa a haɗe suke, lunguna matsattsu, ɗakuna kuwa masu ƙananan tagogi. Wannan zama yana ƙara zumunci, amma idan annoba ta shigo, nan da nan take bin gida gida.

Sanƙarau ciwon rani ne. Yakan taso lokacin ƙura da zafi, ya bi ta numfashi da tari a ɗakin da mutane suka cunkushe, ba ya lafawa sai ruwan sama ya sauka. Alamunsa su ne zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, da sandarewar wuya.

A shekarar 1996 aka yi babbar annoba a Arewa. Mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. Asibitoci suka cika. A irin wannan hali, unguwa ce kan fara tashi: mai unguwa ya sa a yi shela, a buɗe tagogi, a rage cunkoso wurin kwana, maƙwabta su ɗauki marar lafiya zuwa asibiti tun wuya bai sandare ba.

A 2011 aka fara allurar rigakafin MenAfriVac a Nijeriya, wadda ta karya lagon nau'in A. Sai ga nau'in C ya ɓarke a 2017, jihohin Zamfara da Sakkwato na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar.

'Yan'uwa, allura ba ta kai kanta ƙofar gida. Daga Wurno har Rabah da Goronyo, sai hakimi da dagaci sun yi kira, malamai sun sanar a wuraren ibada, iyaye mata sun fito da yara, sannan take amfani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, amin.