Daga rariya zuwa lissafi: tarihin awon ƙwayar yashi

Duk mai rijiya ya san bambancin tsakuwa da yashi da yumɓu da hannunsa kawai. Abin da muke son bincikawa a nan shi ne lokacin da aka sanya wa waɗannan kalmomi iyaka da lamba.

A 1898, Johan Udden, malami a jihar Illinois ta Amurka, ya tankaɗe ƙasar da iska ke tarawa, ya jera ƙwayoyin aji-aji, kowane aji ninkin na ƙasa da shi. A 1922 Chester Wentworth ya faɗaɗa jerin, ya raɗa sunaye: yashi daga milimita 2 zuwa 1/16, yumɓu ƙasa da 1/256. Krumbein ya mayar da jerin lissafin logaritim a 1934, wato ma'aunin fi. Ƙwayar da rariya ba ta iya tarewa kuwa, sai a zuba ta cikin ruwa a auna saurin kwanciyarta bisa ƙa'idar Stokes ta 1851.

A ganinmu, wannan aiki yarjejeniya ce kan ma'anar kalmomi, kuma ba kowa ya sa hannu ba. Masana ƙasar noma na Faransa suna tsayar da yumɓu a mikron 2, yashi a mikron 50. Wajen Wentworth kusan 4 ne da 62. Ke nan «limon» na rahoton Faransanci ba daidai yake da «silt» na ma'aunin Wentworth ba, kuma ɗalibin da ya gwama su biyu ba tare da ya duba ma'auni ba zai yi kure. Hausa ma dai laka da taɓo suna nuni ga jiƙa ne, ba girman ƙwaya ba.

Daga baya aka nemi lambobin su faɗi inda ƙasar ta kwanta. Folk da Ward, a 1957, sun yi haka da yashin kogin Brazos na Texas. Friedman a 1961 ya yi ƙoƙarin rarrabe yashin tudu da na kogi da na gaɓar teku. Hujjar ita ce iska tana tace ƙwaya fiye da ruwa. Amma ƙwaya tana gadon girmanta. Tsofaffin tuddan rairayi na ƙasar Hausa, waɗanda Grove ya bayyana a 1958, ruwan damina yana kwasarsu zuwa gulbi, har yashin gulbi ya fito da kamannin na iska. Shi ya sa masana suke haɗa awon da duba shimfiɗar ƙasar a bakin rami da siffar ƙwayar a madubin ƙara girma.