Daga Garke Zuwa Fada: Sarkin Dawaki da Wata Kalmar Turawa

Yaranmu da ke karatun boko sun san kalmar sty, wato garken alade a Turanci. In Bature ya shiga ɗaki ya tarar da shi kaca-kaca, da ita yake kwatanta shi. Har hazbiyar ido ma haka suke kiranta, amma wannan asalinta daban ne, daga wata tsohuwar kalma take mai nufin abin da ya taso.

A Turancin da ake yi shekara dubu da suka wuce, stig na nufin garke, yana kuma nufin gida ko zaure. Mai tsaron wurin shi ne stigweard, wanda ya koma steward, wato wakilin gida. A Sikotland muƙamin ya zama na gado, ya zama sunan dangi. Ɗan gidan, Robert na Biyu, ya hau karaga a 1371, kuma a 1603 zuriyarsa ta gaji sarautar Ingila. Haka konstabul, kurtun ɗan sanda, a Latin asalinsa mai kula da barga ne.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shamaki wurin ɗaure dawakin sarki ne, kuma sarautar mai kula da su ce. Madaki daga Madawaki ya fito, jagoran mahaya a fagen fama. A Kano, har gobe Madaki da Sarkin Dawaki Mai Tuta suna cikin mutum huɗu masu zaɓen sarki. A zamanin da, doki ne ƙarfin yaƙi, don haka ba kowa ake damƙa wa barga ba.

To mu dawo gida. Jalingo kanta sansanin yaƙi ce da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa wajen 1893, bayan yaƙin Kona, tun kafin ta zama babban birnin Taraba a 1991. Ku duba sunayen gundumominmu: Sarkin Dawaki, Barade, Turaki, Majidadi, Sintali. Duk sunayen fada ne, Barade kuwa su ne jaruman mahaya.

Abin takaici, yau yaro zai rubuta Sarkin Dawaki a takardar makaranta, ya hau Keke Napep ya ce a kai shi can, bai taɓa tambayar dawakin wa ake nufi ba. Dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu kuwa sai raguwa suke yi.