Yadda ake zaɓen masauki don hutun wasan sululu da laima a Zanzibar

Wasan sululu da laima, wanda ake kira kaitsafin, wasa ne da mutum ke tsayawa a kan ɗan allo bisa ruwan teku, wata babbar laima da ke sama tana jan sa da ƙarfin iska. Ana haɗa laimar da ɗamarar da ke ƙugun ɗan wasan ta igiyoyi masu tsawon kimanin mita 20 zuwa 24, shi kuma yana sarrafa ta da wata sanda da ke hannunsa. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su ne suka yi rajistar laimar da ake hura wa iska a 1984, wadda ba ta nutsewa idan ta faɗa ruwa. A 2024 wasan ya shiga gasar Olamfik ta Faris, aka yi tserensa a gaɓar birnin Marseille.

Tsibirin Unguja na Zanzibar, a ƙasar Tanzaniya, yana cikin wuraren da suka yi suna a wannan wasa a Afirka. Mai shirin zuwa can ya kamata ya san cewa zaɓen masaukinsa ya bambanta da na mai zuwa hutawa kawai. Kyan ɗaki da girman kwamin wanka suna zuwa ne daga baya. Abubuwa uku ke gaba: lokacin iska, yanayin cikar teku da janyewarsa, da kuma nisan ɗaki daga inda ake tayar da laima. Wanda ya yi kuskure a ɗayansu zai iya kashe kuɗin jirgi da na otal ya dawo bai taka allo ba.

Lokacin iska

Iskoki biyu ne ke kaɗawa a gaɓar gabashin Afirka, kuma su ne suka riƙa kai jiragen ruwan fatake tsakanin Zanzibar da Oman da Indiya tun ƙarnoni da dama. Ta farko ita ce Kusi, mai zuwa daga kudu maso gabas. Masu wasan sun fi cin moriyarta daga tsakiyar Yuni zuwa Satumba. Ita ce ta fi ƙarfi da ɗorewa, kuma a lokacinta gari ya fi sanyi. Ta biyu ita ce Kaskazi, mai zuwa daga arewa maso gabas, daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Ba ta kai Kusi ƙarfi ba, ga kuma zafi, amma ta dace da masu koyo.

Tsakanin iskokin biyu akwai damina. Babbar damina, wadda mutanen tsibirin ke kira Masika, tana sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar kuma, wato Vuli, a wajajen Nuwamba. A waɗannan watanni otal-otal kan karya farashi sosai, wasu ma su rufe don gyara. Arahar ba ta da amfani ga wanda iska ta kawo shi, domin wasan yana bukatar iskar da ke gudun aƙalla kilomita 22 a sa'a ɗaya, abin da manhajojin hasashen yanayi ke nunawa a matsayin not 12. Ma'aikacin da zai cike takardar hutun shekara, da ɗan kasuwar da zai bar shago a hannun yara, su fara daidaita ranakunsu da ɗaya daga cikin iskokin nan kafin su buɗe shafin kowane otal.

Idan hutun bai faɗo daidai ba, akwai wasu wurare. A tsibirin Sal na ƙasar Kef Bad, wadda ke cikin ƙungiyar ECOWAS, iska na kaɗawa daga Nuwamba zuwa Afrilu. A Cumbuco da ke arewa maso gabashin Birazil kuma lokacin ya kama daga Agusta zuwa Disamba. Diani ta ƙasar Kenya tana bin jadawali ɗaya da Zanzibar.

Wane ɓangare na tsibirin

Fuskar da iska ke kaɗawa ta fi ƙarfinta muhimmanci wajen tsaron rai. Iskar da ake so ita ce mai zuwa daga teku a karkace tana nufar gaɓa, domin idan laima ta faɗi ko igiya ta tsinke, ita za ta turo mutum tudu. Iskar da ke fita daga tudu zuwa teku kuwa tana iya jan mutum zuwa inda ba zai iya dawowa da iyo ba. Wannan ne ya sa wasan ya taru a gaɓar gabas, inda Kusi da Kaskazi duka ke shigowa a karkace. Masaukin da ke birnin Zanzibar ko sauran gaɓar yamma, komai kyansa, bai dace da wannan bukata ba.

Paje ita ce cibiya. Ƙauye ne a kudu maso gabashin Unguja, kimanin kilomita 50 daga filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, tafiyar sa'a ɗaya ko fiye kaɗan a mota, ta hanyar da ta ratsa dajin Jozani. A nan makarantun koyon wasan suka fi yawa, haka ma shagunan haya da masu ɗinke laimar da ta yage. Bakin tekun yana da faɗi, yashinsa fari ne mai laushi. Aibinta shi ne cunkoso a ruwa a watannin Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba, da kuma kiɗan da ke kai wa tsakar dare a wasu wuraren shaƙatawa.

Jambiani tana kudu da Paje, tafiyar 'yan mintoci a mota. Ƙauye ne da ya miƙe a bakin ruwa na tsawon kilomitoci, ya fi natsuwa, kuma baƙo ya fi ganin rayuwar mutanen gari. Sai dai a sassa da dama bakin tekun siriri ne, idan ruwa ya cika yakan kai har gindin katangar gidaje. Bwejuu, da ke arewa da Paje, ita ma shiru gare ta, ta dace da mai iyali wanda bai damu da ya riƙa tattaki ko hawa mota zuwa makaranta ba.

Nungwi da Kendwa, a ƙarshen arewacin tsibirin, su ne aka fi tallatawa ga masu zuwa hutu, saboda a can ruwa ba ya janyewa da nisa, ana iyo a kowane lokaci. Amma daga can zuwa Paje tafiyar kusan sa'o'i biyu ce. Wanda ya sauka a arewa da niyyar zuwa gabas kullum, rabin yininsa da kuɗi masu yawa za su tafi a tasi. Iyalin da ra'ayinsu ya rabu gara su raba kwanakin, wasu a gabas, wasu a arewa.

Cika da janyewar teku

A gaban Paje da Jambiani akwai shingen duwatsun murjani mai nisan fiye da kilomita ɗaya daga gaɓa. Shi ke tare manyan raƙuman ruwa, ya bar wani faffaɗan tafki marar zurfi a tsakani, inda mai koyo zai iya tsayawa da ƙafarsa. Sai dai zurfin tafkin yana canzawa. Teku yana cika sau biyu, yana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma lokacin yana jinkirtawa da kimanin minti 50 a kullum. A Zanzibar bambancin tsakanin cika da janyewa yakan kai kusan mita huɗu a ranakun da ya fi tsanani.

Wata ne ke tafiyar da wannan al'amari, don haka mai bin kalandar Musulunci yana da sauƙin lissafi. A farkon wata da tsakiyarsa, wato kwanakin tsayuwar jinjiri da na cikar wata, ruwa yakan cika maƙil sannan ya janye da nisa har ya bar fili fetal. A wajajen 7 zuwa 8 da 22 zuwa 23 ga wata kuwa bambancin kaɗan ne, ruwan yakan zauna a tafkin tsawon yini. Mai koyo ya fi samun sa'o'in darasi a irin waɗannan kwanaki.

Wannan ya shafi masauki kai-tsaye. Hoton da otal ya sa a shafinsa an ɗauke shi ne a sa'ar da ta fi yi masa kyau. Ya dace a tambaya: idan ruwa ya cika, akwai sauran yashin da za a shimfiɗa igiyoyi a tayar da laima? Idan ya janye, akwai wani kwari kusa da ke riƙe ruwa, ko sai an yi doguwar tafiya? A tambaya kuma ko akwai gonakin ciyawar teku a gaban masaukin. Tun 1989 matan Paje da Jambiani ke noman wannan ciyawa, suna kafa turaku da igiyoyi a ruwa marar zurfi. Turakun suna iya raunata ɗan wasa, shi ma yana iya ɓata wa mata amfanin da suke ci da iyalinsu da shi. Akwai kuma wata halittar ruwa mai ƙayoyi kamar bushiya a wasu sassan, abin da ya sa takalmin roba na shiga ruwa ya zama dole.

Irin masaukin da nisansa

Kayan wasan suna da nauyi da girma: laima ɗaya ko biyu, allo, ɗamara, sanda da famfo. Tafiyar minti 15 da su a cikin rana, sau biyu ko uku a yini, tana gajiyar da mutum tun kafin ya shiga ruwa. Iska kuma ba ta da alƙawari, takan taso ta kwanta a cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ke ganin teku daga barandarsa shi ke fara shiga ruwa.

Masaukai iri uku ake samu. Akwai otal-otal na bakin ruwa, masu tsada, waɗanda wasunsu ke da makaranta a harabarsu. Akwai ƙananan gidajen baƙi a cikin ƙauye, a bayan layin farko, masu sauƙin kuɗi. Waɗannan suna da kyau matuƙar makarantar da mutum ya zaɓa tana da ɗakin ajiyar kaya a bakin ruwa. Sannan akwai gidajen haya masu ɗakin girki, waɗanda suka fi dacewa da iyali ko abokan da za su yi mako biyu ko fiye.

Ga mai koyo, makaranta ake fara zaɓa, sannan a nemi ɗaki kusa da ita. A duba ko malamanta suna da shaidar ƙungiyar IKO, wadda aka kafa a 2001 don tsara koyar da wasan, ko wata hukuma makamanciyarta. A tambayi yawan ɗaliban da malami ɗaya ke ɗauka, da ko akwai kwale-kwalen ceto, da kuma abin da ake yi da kuɗin darasi idan iska ba ta zo ba. Yawancin masu koyo suna bukatar sa'o'i 9 zuwa 12 na darasi kafin su fara tafiya a kan allo. Tun da ba kowace rana ce ake samun iska ba, kwana bakwai zuwa goma ya fi kwana huɗu ma'ana.

Tambayoyin da za a yi kafin biyan kuɗi

Wutar lantarkin Unguja daga babban yankin Tanzaniya take zuwa ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Daga Disamba 2009 zuwa Maris 2010 tsibirin ya yi kusan wata uku a duhu saboda lalacewar wannan layi, kuma har yanzu akan ɗauke wuta. A tabbatar masaukin yana da janareta ko sola. A tambayi ruwan wanka, domin na wasu rijiyoyin gaɓa yana da gishiri, ga shi kuma ana son a ɗauraye kayan wasa da ruwan daɗi. Gidan sauro wajibi ne. Gine-gine da yawa rufin ganyen kwakwa gare su, wanda ake kira makuti. Yana da sanyi, amma wuta na saurin kama shi, don haka a lura da hanyar fita da abin kashe gobara. A kuma nemi sanin ko farashin ya haɗa da karin kumallo da harajin da gwamnati ke karɓa a kan kowane baƙo a kowane dare.

Mafi yawan mutanen Zanzibar Musulmi ne, akwai masallatai a Paje da Jambiani, abincin halal kuma ba abin wahala ba ne. Amma yawancin otal-otal na bakin ruwa suna sayar da giya, wasu suna shirya casu da dare. Wanda ke tafe da iyali, ko yake son barci da wuri don ya riski Asuba, ya tambaya a fili, ya kuma karanta abin da baƙin da suka gabace shi suka rubuta game da hayaniya. A cikin ƙauye ana son baƙo ya rufe kafaɗu da gwiwoyi, kayan ruwa a bar su a bakin ruwa.

Takardu da hanya

Masu fasfo ɗin Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Sai sun nema tun daga gida an amince, kuma hakan yana ɗaukar makonni. Saboda haka a kama ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba har sai biza ta fito. Ana bukatar katin rigakafin cutar shawara. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta kamfaninta, a kan dala 44 ga babban mutum. Ya kamata a karanta sharuɗɗanta, da na duk wata inshorar da aka saya a gida, a ga ko sun ɗauki raunin da aka samu a wasannin ruwa.

Daga Kano ko Abuja ko Legas akan bi ta Addis Ababa, daga Legas kuma akwai hanyar Nairobi. Wanda zai tafi da kayansa ya bincika kuɗin da kamfanin jirgi ke caji a kan kayan wasanni. Agogon Zanzibar yana gaban na Najeriya da sa'o'i biyu. Masu magana da Suwahili kuma daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, ta yadda ƙarfe ɗaya a bakinsu ƙarfe bakwai na safe ke nan. Idan za a yi alƙawari da direban da zai mayar da mutum filin jirgi, a rubuta masa lokacin da lambobi, a kuma tabbatar da wane agogo ake nufi.